Tsutsotsi Mafarauta a Tankin Murjani: Nasiha ga Ma'abota Kiwon Halittun Teku

Duk wanda ya ɗauki ɗawainiyar kiwon halittun teku a tankin gilashi, ko a gidansa, ko a zauren otal, ko a ofis, ya kamata ya sani tun da fari cewa abin da ya zaɓa da idonsa ya biya kuɗinsa kaɗan ne daga cikin abin da ya shigo da shi. Domin kowane dutse da aka ciro daga ƙarƙashin teku, komai ƙanƙantarsa, yana zuwa ne ɗauke da jama'a masu yawa a cikin kofofinsa, waɗanda ba a yi cinikinsu ba, ba a kuma sanar da mai saye zuwansu ba. Sana'ata ita ce kafa irin waɗannan tankuna da kula da su, kuma daga cikin kiraye-kirayen gaggawa da nake samu babu wanda ya fi yawa kamar na mutumin da ya haska tocila da dare ya ga tsutsa tana jan jiki a kan dutse, hankalinsa ya tashi, yana neman a kawo magani a hallaka ta kafin gari ya waye. Abin da nake son in bayyana a nan shi ne, tsutsotsin tanki ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma wanda ya zartar da hukunci kafin bayyina ta tabbata, galibi yakan kashe mai yi masa hidima ya bar mai yi masa ɓarna.

Murjanin da ake kiwo dabba ce mai rai, wadda sau da yawa take gina wa kanta ƙashi na farar ƙasa, kuma a cikin namanta akwai wata gansakuka ƙarama ainun da ido ba ya gani, wadda take sarrafa haske ta ciyar da ita. Ba ta jure sauyi. Ruwanta yana bukatar gishiri kimanin giram 35 a kowane kilo, da ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyos, kuma da zarar an kauce wa wannan haddi sai ta fara koɗewa. Dutsen da ake jerawa a tanki kuwa, wanda masu sana'ar suke kira dutse mai rai, tsohon ƙashin murjani ne da ya daɗe a teku har ƙwayoyin halitta masu tace ƙazanta suka zauna a cikinsa, waɗanda su ne suke juya gubar kashin kifi ta koma abin da ba ya kisa. Shekaru da yawa daga tsibiran Fiji da Indunusiya aka fi kawo shi. Fa'idarsa tana cikin yawan ramukansa, illarsa kuma a nan take, saboda tsutsar da ba ta kai tsawon farce ba tana iya shiga rami ɗaya ta tsallake teku da jirgin sama da hannun dillalai, ta zauna shekaru tana girma ba wanda ya san da ita.

Bari in fara da wadda aka fi zalunta. Mafi yawan tsutsotsi masu gashi da ake gani a tanki, irin su wadda masana ke kira Eurythoe complanata, masu launin ruwan hoda ko toka-toka da fararen gasu a gefe biyu, ba sa farautar mai rai. Mushe suke ci da ragowar abinci, suna kuma motsa yashin ƙasa don kada ya ruɓe. Amma da yake su ne suke fara isa wurin kifin da ya mutu cikin dare, sai mai tanki ya wayi gari ya tarar da su a kan gawa, ya ɗauki wannan a matsayin hujja, alhali samun mutum a wurin jana'iza ba ya tabbatar da cewa shi ya yi kisa. Idan suka yi yawa har suka dame ka, to sababin yana hannunka, watau yawan abincin da kake zubawa. Ka rage shi, ka riƙa zuƙe dattin ƙasa, za ka ga adadinsu ya ragu da kansa. Na sha ganin tankin da aka raba shi da su gaba ɗaya, bayan ɗan lokaci yashinsa ya yi baƙi yana wari, gansakuka ta rufe gilashi, mai shi yana mamakin abin da ya faru.

Wadda ta cancanci a ji tsoronta ita ce Eunice aphroditois da manyan danginta, mazauna tekuna masu ɗumi, musamman na Indiya da Fasifik. Jikinta yana ƙyalli da launuka iri-iri idan haske ya taɓa shi, a kanta akwai zaruruwa biyar da take jin motsi da su, sa'an nan tana da muƙamuƙai masu kaifi da take turowa waje ta buɗe su tana jira, yayin da sauran jikinta yake binne a rami. Da kifi ya gifta ya taɓa zaren, sai ta cafke shi ta ja shi ciki, cikin saurin da ido ba ya iya bi. A watan Janairu na 2009 an samu ɗaya a tashar masunta ta Seto da ke Shirahama a ƙasar Japan, tsawonta santimita 299, nauyinta giram 433, gaɓoɓinta 673. A wannan shekarar kuma, a gidan nuna halittun ruwa na Blue Reef da ke garin Newquay a Ingila, ma'aikata sun daɗe suna tarar da murjani a yayyanke da kifaye da raunuka ba su san dalili ba. Suka ɗana tarko da ƙugiya, aka cinye abincin aka tsinke zaren, har sai da suka kwance ginin duwatsun ɗaya bayan ɗaya kafin suka iske tsutsa mai tsawon kusan ƙafa huɗu. Idan ƙwararrun da wannan ne aikinsu dare da rana sun yi watanni cikin duhu, to mai tanki ɗaya a falonsa ba shi da dalilin amincewa da cewa nasa tsarkakakke ne don kawai bai taɓa ganin komai ba. Wani abin tadabburi ma shi ne, a mashigin Lembeh na Indunusiya masu bincike sun ga wasu ƙananan kifaye suna taruwa a bakin raminta suna feso mata ruwa har ta koma ciki, ta haka sauran suke gane inda haɗarin yake. Kifin da ke tsare a gilashi ba shi da wannan jama'a, ba shi kuma da wurin gudu. Kai ne kaɗai majiɓincinsa.

Duk da haka adalci ya wajaba ko a kan wannan dangi, domin da yawa daga cikin waɗanda ake samu a tankuna ƙananan 'yan'uwanta ne da suka fi karkata ga cin mushe da ganye. Saboda haka nake dogara ga alamu kafin in taɓa ko dutse ɗaya. Alama ta farko ita ce ɓacewar ƙananan kifaye masu kwana a ƙasa ba tare da an ga gawa ba, ko kuma wayewar gari da rauni mai kama da yanka a jikin babban kifi. Ta biyu, murjani mai laushi da aka gutsure gefensa, ko aka cire shi daga inda aka kafa shi aka ja shi zuwa gindin wani dutse. Ta uku, wadda ta fi sauran ƙarfi a wurina, ita ce rami da aka yi wa baki da tsakuwa da ɓawon dodon koɗi, an manne su da wani yauƙi mai kama da takarda, wanda in ka rushe shi yau gobe za ka tarar an sake gina shi. Idan waɗannan suka haɗu, sai a yi tsaron dare: a kashe fitilun tanki da na ɗaki, a jira sa'o'i biyu ko uku, a zo da tocila mai jan haske, tun da yawancin waɗannan halittu ba sa firgita da ja kamar yadda suke firgita da fari, a sa ɗan naman jatan lande kusa da ramin da ake tuhuma, a zauna ba motsi, domin ko takun ƙafa a daɓe tana ji.

Akwai wani tanki babba da aka taɓa kirana a kansa, wanda kifayensa suke raguwa ɗaya bayan ɗaya, har maigidan ya fara zargin yaron da yake ba su abinci da cewa ko dai yana sakaci ko yana sayarwa. Yaron ya rantse, ba a gaskata shi ba. Da muka yi tsaron dare tare da maigidan, muka ga kai mai zaruruwa biyar ya fito daga gindin dutsen da ya fi kowanne girma, ya ɗauke naman ya koma, sai maigidan ya yi shiru na wani lokaci, sa'an nan ya ce a kira masa yaron. Ina ambaton wannan ne domin ɓarnar wannan tsutsa ba a kan kifi kaɗai take tsayawa ba. A wuraren da ake da ma'aikata, sau da yawa mutuncin wani bawan Allah ne yake fara zubewa kafin a gano gaskiya.

In an tabbatar da ita, to sai haƙuri. Kada a kama kanta da hantsaki a ja, domin tana riƙe bangon rami da ɗaruruwan ƙananan ƙafafu, kuma ta fi yarda ta tsinke da ta fito; ɓangaren da ya saura, musamman idan da kai a jikinsa, yana iya warkewa ya sake girma, ka koma inda ka fara bayan ka koya mata tsoronka. Tarkon kwalba, wanda yake kama ƙananan tsutsotsi, ba kasafai yake kama babba ba, saboda ba ta sakin raminta gaba ɗaya, wutsiyarta tana ciki ko da kanta ya yi nisa. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a gane dutsen da take ciki, a ɗauke shi da rana lokacin da ta shige, a sa shi a bokiti, a cire murjanin da ke kansa a ajiye a ruwan tanki, sa'an nan a ɗura ruwan soda ko ruwan da gishirinsa ya yi yawa ƙwarai a cikin ramin. Sau da yawa takan fito da kanta. In ta ƙi, sai kurfi da guduma, a fasa dutsen a hankali. Dutse ɗaya ba ya kai darajar abin da za ta ci a shekara. Wani lokaci kuma raminta ya ratsa duwatsu da yawa har ƙarƙashin yashi, a nan babu makawa sai an kwance ginin duka, kuma gara a faɗa wa mai tanki wannan gaskiya tun farko da a riƙa ba shi fata.

A nan dole in tsaya in yi kashedi da babbar murya, domin wannan mas'ala ta rai ce, ba ta dukiya ba. Kada wani ya tafasa dutsen tanki, ko ya zuba masa ruwan zafi, ko ya kankare shi a busasshe cikin rufaffen ɗaki, da niyyar kashe abin da ke cikinsa. Akwai murjani mai laushi na jinsin Palythoa da Zoanthus, mai kama da ƙananan furanni, wanda yakan tsiro a kan duwatsu ko ba a dasa shi ba, kuma wasunsa suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, wadda tana cikin mafi tsananin gubobin da aka sani a halittun teku. Tururi yana ɗaukarta zuwa huhu, tana shiga ta rauni a hannu, tana ƙona ido. A 2018, a yankin Oxfordshire na Ingila, an kwashi iyali guda zuwa asibiti, har da wasu 'yan kwana-kwana da suka je ceto, bayan an fito da duwatsun tanki an goge su a cikin gida. Wanda zai fasa dutse ya yi a sarari, da safar hannu mai kauri da tabarau, ya nisanta yara, kuma in ya ji ɗacin ƙarfe a baki ko ƙuncin numfashi ko zazzaɓi bayan aikin, ya tafi asibiti nan take ya gaya wa likita abin da ya taɓa.

Ta biyu a jerin masu laifi ita ce tsutsar wuta mai gemu, Hermodice carunculata, ta tekun Karibiyan da Bahar Rum da sassa masu ɗumi na Atlantika, wadda takan kai santimita 30. Ana rarrabe ta da marasa laifi ta kaurin jikinta, da jajayen tuntaye da ke jere tare da fararen gasunta, da wani tudu mai lanƙwasa a bayan kanta, da kuma ƙarfin halinta, don takan fito ko da rana. Takan haɗiye kan reshen murjani ta tsotse namansa ta bar shi fari fat, kuma bincike a Bahar Rum ya nuna tana ɗaukar ƙwayar cutar Vibrio shiloi da ke koɗar da murjanin Oculina patagonica. Sauƙinta shi ne tana yawo, don haka kwalba mai ƙaramin baki da nama a ciki tana kama ta. Amma kada a taɓa ta da hannu: gasunta suna karyewa a cikin fata su yi raɗaɗi da kumburi, kamar ƙaiƙayin gero da aka haɗa da wuta. In hakan ta faru, kada a sosa. A manna salatif a ɗaga a hankali don ya zare gasun, a jiƙa wurin da ruwan khal, in kumburin ya yi yawa ko jiri ya biyo baya a nemi likita. Akwai kuma Oenone fulgida, siririya mai launin lemo, wadda take lulluɓe dodon koɗi da kawa da yauƙi sa'an nan ta cinye su. Shaidarta ita ce ɓawo fanko cikin dunƙulen majina, maganinta kuwa ɗauke dutsenta.

Wadda ta fi ba ni wahala a aikina ba mai muƙamuƙi ba ce. Wata shimfiɗaɗɗiyar tsutsa ce mai cin murjanin Acropora, wadda masana ba su bayyana ta a ilmance ba sai a 2011, daga samfurin da aka samo a tankuna, kafin daga baya a gan ta a teku kusa da tsibirin Lizard na Ostareliya. Sunanta a yanzu Prosthiostomum acroporae. Galibi tsawonta 'yan milimita ne, kuma da yake tana haɗiye gansakukar da ke cikin naman murjanin, sai launinta ya zama nasa, har mutum ya ƙura mata ido bai gan ta ba. Abin da ake fara gani shi ne ƙananan tabo masu zagaye a ƙarƙashin rassa, da koɗewa daga gindi zuwa sama, da tarin ƙwai masu launin ƙasa a kan ƙashin da nama ya bari. Ruwan magani da ake tsoma murjani a ciki yana kakkaɓe manyan, amma ba ya ratsa ƙwan, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa: su tsoma sau ɗaya, su ga tsutsotsi sun zube a kwano, su yi hamdala su mayar da shi, bayan makonni biyu zuwa uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, kuma yana saurin ƙyanƙyashewa gwargwadon ɗumin ruwa. Wajibi ne a kwashe dukkan Acropora zuwa tanki na dabam, a yanke gindin da ke da ƙwai a zubar ba tare da jin ciwon asara ba, a riƙa tsomawa kowane mako har tsawon wata ɗaya da rabi ko fiye, a kuma bar babban tankin babu ko ɓurɓushin wannan murjani a tsawon lokacin, don waɗanda suka rage su mutu da yunwa.

Game da zuba magani a cikin babban tanki kai tsaye, ra'ayina shi ne a nisance shi sai bisa larura. Maganin jan ƙarfe da ake yi wa kifi yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, yana kuma maƙalewa a dutse ya daɗe. Ko jajayen tsutsotsi na jinsin Convolutriloba, masu rufe murjani su tare masa haske, waɗanda akwai maganin da ke kashe su, suna sakin guba idan suka mutu da yawa lokaci ɗaya, har kifaye su bi su. Saboda haka sai an fara zuƙe mafi yawansu da tiyo, an tanadi gawayin tace ruwa da sabon ruwan gishiri, kafin a ɗiga ko ɗigo ɗaya. Haka nan masu sayarwa sukan ce a sayi kifi kaza ko ƙaguwa kaza za su gama da matsalar. Gaskiya ne kifi mai zane shida, Pseudocheilinus hexataenia, da ƙaguwa mai dogayen ƙafafu suna rage ƙananan tsutsotsi, amma ba sa kai wa ga ƙwai da ke lungu, ba su da abin yi da babbar mafarauciya, kuma shi mai zane shidan yakan zama azzalumi ga maƙwabtansa idan ya girma.

Abin da ya rage shi ne tsaron ƙofa, wanda shi ne mafi arha kuma shi aka fi yi wa kasala. Ƙaramin tanki na killacewa, mai famfo da fitila da abin daidaita ɗumi, ba ya cin kuɗin da murjani biyu masu kyau suke ci, kuma duk abin da zai shiga babban tanki, dutse ne ko murjani ko dodon koɗi, ya kamata ya fara zama a cikinsa makonni huɗu zuwa shida, ana duba shi da gilashin ƙara girma da rana, da jan haske da dare. Murjanin da aka sayo a raba shi da ɗan dandamalin da ya zo a kai a kafa shi a sabo, domin a nan ƙwai suka fi ɓuya. Ga wanda zai fara sabon tanki kuwa, ina ba da shawarar busasshen dutse ko wanda aka ƙera, ko da yake zai ɗauki watanni kafin ya zauna ya yi kyau, kuma ba zai zo da ire-iren halittu masu ban sha'awa da dutsen teku ke kawowa ba. Wannan rashi ne na haƙiƙa, ban raina shi ba, amma na gwammace shi da kwance gini bayan shekara uku. Kada kuma kunya ta hana ka killace kyautar aboki, domin yawancin tsutsar Acropora da na gani daga tankin wani mai kiwo ta fito.

Tsutsar da aka kama, in ba za a ba ta wani ƙaramin tanki nata ita kaɗai ba, ko a miƙa ta ga masu nazarin halittu, to a gaggauta kashe ta ba tare da azabtarwa ba, a naɗe a jefa a shara. Kada a zuba ta, ko ruwan da ta fito daga ciki, a magudanar da ke kaiwa teku, musamman ga mazauna garuruwan gaɓa irin su Legas da Bur Sudan da Jidda, domin halittar da aka ɗauko daga wani teku aka saka a wani tana iya yaɗuwa a inda ba ta da mai cin ta, kamar yadda kifin zaki na tekun Indiya da Fasifik ya mamaye gaɓar Florida da Karibiyan.